Maigida, me yaranka ke faɗi a bayan idonka?

(Kiɗan buɗe shiri)

Jama'a masu sauraronmu, na nan Bè da Bè-Kpota da Akodesewa, da 'yan'uwanmu na Agoe-Zongo, da direbobin da ke zaune a inuwar motocinsu suna jiran lodi a bakin tashar jiragen ruwa.  Iyayena alhazai da hajiyoyi, masu shaguna da masu sito da masu motoci, a gafarce ni, yau maganar taku ce. Na roƙe ku kada a murɗa rediyon sai mun kai ƙarshe, domin abin da zan faɗa ya shafi aljihunku kamar yadda ya shafi mutuncinku.

Babu ɗan kasuwar da bai san darajar sunansa a wurin masu saye ba. Kowa na kaffa-kaffa kada a ce kayansa jabu ne, ko mudunsa bai cika ba. Amma kowane maigida yana da suna na biyu, wanda ke yawo a bakin masu yi masa aiki, kuma da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin wannan sunan da kunnensu ba. A teburin mai shayi ake kiransa, da majalisar bayan isha'i, da cikin waya. Saurayi ya ji ana neman yaron shago a wurin Alhaji wane, ba zai tafi kai tsaye ba. Sai ya nemi wanda ya taɓa zama a wurin, ya ja shi gefe. Yana biya in wata ya ƙare? Yana zagin mutum a gaban masu ciniki? In ka kwanta ciwo yana leƙo ka? Wanda ya bar wurin kafin kai, da yaya suka rabu? Amsar ba ta da tsawo. Ko dai a ce masa, "Je ka, ka samu uba," ko kuma a yi ajiyar zuciya a ce, "To, Allah ya ba ka haƙuri." Daga nan an gama hukunci, Alhaji yana gida yana barcinsa bai san an yi zaman ba.

Manyan kamfanonin duniya sun daɗe da gane wannan, har suna ware ma'aikata da kuɗi don kula da yadda masu neman aiki ke kallonsu. Mu kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A kansa aka gina Zongo.

Ku tambayi dattawanmu yadda fataucin shanu da goro ya gudana a garin nan. Baƙo zai taso da garkensa daga Nijar ko Burkina ko arewacin Togo, bai san kowa a Lome ba sai maigidansa. Maigida ne zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya nemo masa mahauta. Mahauci kuma sau da yawa ba ya biya nan take, sai ya yanka ya sayar. Wa ya tsaya wa baƙo a kan kuɗinsa? Maigida. In mahauci ya gudu da bashi, wuyan maigida aka riƙe. To shi maigidan, da ƙafa nawa zai bi mahauta goma a rana guda? Yaransa ne ƙafafunsa. Su ke tsaron shanu a kara, su ke zaga mahauta karɓar kuɗi, su ke dawowa da damin takardun kuɗi a aljihun riga, ba rasit, ba shaida, sai Allah. Haka a wajen goro. Wanda ya taɓa ganin ana kwance huhu ya san aikin: a baje goron, a bi shi ɗaya bayan ɗaya, a fitar da mai sankara kafin ya ɓata sauran, a yayyafa ruwa daidai kima, a sake shimfiɗa ganye sabo, a ɗaure tam. Yaro ya yi ha'inci a wannan aikin, ko ya yi shi da ɓacin rai, ba za ka gani a ranar ba. Sai huhu ya isa inda za shi, a buɗe a tarar da asara.

Saboda haka maigidan da ya san kansa bai taɓa wasa da yaransa ba. Yaro na ci a gidansa, yana kwana a zaurensa, yana samun ɗinkin sallah. In ya isa aure maigida ne ke shige masa gaba. In ya daɗe ya nuna amana, a yanka masa jari, a sa masa albarka, ya buɗe nasa, ya ci gaba da zuwa gaisuwa har ƙarshen rai. Wani Bafaranshe mai bincike, Michel Agier, ya zauna cikin mutanen Zongon Lome ya rubuta littafi a kan wannan tsari, aka buga shi a 1983. Kafin shi Abner Cohen ya ga irinsa a Sabon Ibadan, littafinsa ya fito a 1969. Abin da ya ja hankalinsu shi ne yadda dukiya mai yawa ke wucewa daga hannu zuwa hannu ba tare da takarda ba, kuma girman maigida yana tafiya da yawan mutanen da suka yarda su tsaya a bayansa. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro tsakanin ƙasar Gwanja da bakin teku kafin ya zama babban mai sayen gyaɗa a Kano, ya rasu a 1955. Da wakilai ya yi aikinsa, yana ba su kuɗi su shiga ƙauyuka saye. Mutum ɗaya ba ya tara dalar gyaɗa da hannunsa.

A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar gari, aka kwashe jama'a zuwa arewacin Lome, wajen kilomita 15 daga inda suka saba. Gidaje sun faɗi, zauruka sun tafi. Amma fatauci bai mutu ba, domin baƙon da ya zo da shanu mutum yake nema, kuma yaran da suka yarda da maigidansu sun bi shi har sabon wuri.

Yanzu bari in faɗi abin da ke damuna. Mun riƙe rabin wannan gado mun yar da rabi. Har gobe muna son yaro ya buɗe shago tun da sassafe ya rufe bayan magariba, ya ɗauko yara daga makaranta, ya wanke mota, ya je aiken uwargida, kada ya ɗaga ido ya dubi maigida. Wannan rabin mun riƙe shi da kyau. Ɗaya rabin fa, na aure da jari da sallama ta mutunci? Sai ka ga mutum ya shekara goma sha a shago, gemu ya fito, abokansa sun yi iyali, shi kuwa in ya yi maganar albashi a ce masa, "Haba, kai da gidanku? Ai kai ɗa ne." In ɗa ne, ina rabonsa? In kuma ma'aikaci ne, ina albashinsa? Ba za a hana shi duka biyun ba sannan a yi mamaki ranar da ya tafi, ko ranar da lissafi ya fara ƙin cika.

Ku zo mu tsaya a ƙofar wani sito ranar talatin ga wata, irin waɗanda ke kan hanyar tasha. Tun la'asar leburori sun gama sauke buhunan shinkafa, sun wanke fuska, sun zauna a kan benci. Ba wanda ya ce komai, amma kowa ya san abin da ake jira. Maigida na ciki yana waya. Ya fito, ya shiga mota, ya sauke gilashi ya ce, "Ku yi haƙuri zuwa jibi, kaya ba su fita ba." Mota ta tashi. A cikin mutanen nan akwai wanda mai ɗaki ya ba shi wa'adin yau, akwai wanda matarsa ke jiran kuɗin awo a asibitin Bè, akwai wanda ya ci bashin mai koko na sati biyu. Kowannensu zai je ya ba da haƙuri a inda ake binsa, kuma kowannensu zai faɗi dalili. Kafin gari ya waye, mai ɗaki da mai koko da maƙwabta duk sun san Alhaji wane ba ya biya kan lokaci. Shi a ganinsa kwana biyu kawai ya jinkirta. Wataƙila a wannan makon ma ya ba da gudummawa mai tsoka a masallaci, an yi masa addu'a a lasifika. Allah ya karɓa. Amma leburan da ke sahu na uku ya ji sanarwar, kuma ya san abin da ya sani. Malamanmu ba su gaji da tuna mana hadisin nan na a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe ba, kowa ya haddace shi tun yana yaro. Aiki da shi ne ya yi ƙaranci.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, muna tare, muna magana ne a kan sunan maigida a bakin ma'aikatansa.

Zamani ya canja, kuma dole mu yarda cewa abin da alkawarin baka ya riƙe a da, yau takarda ke riƙe shi. Ƙasar nan ta Togo tana da dokar ƙwadago, sabuwarta ta fito a watan Yuni na 2021. Mafi ƙarancin albashi, wanda ake kira SMIG, ya tsaya a sefa 35,000 tun 2012, sannan daga 1 ga Janairu 2023 ya koma sefa 52,500 a wata, wato jaka hamsin da biyu da rabi. Lokacin aiki na doka awa 40 ne a mako, abin da ya hau kai ana biyansa daban. Ma'aikaci na da hutun kwana biyu da rabi a kan kowane watan da ya yi aiki. Mace mai ciki tana da mako 14 na haihuwa. Yaron da bai kai shekara 15 ba, doka ba ta yarda a ɗauke shi aiki ba.

Sai babbar magana, wadda mutanenmu suka fi gudu: rajista a CNSS, asusun da ke kula da fansho da haɗarin aiki da tallafin iyali. Maigida na zuba kashi 17.5 cikin ɗari na albashi, ana cire kashi 4 daga na ma'aikaci. Mu yi lissafin tare. A kan albashin 52,500, rabon maigida bai kai sefa 9,200 a wata ba, na ma'aikaci kuma 2,100. Alhaji, don Allah, nawa kake kashewa a man mota a mako guda? Da wannan kuɗin na CNSS, in buhu ya faɗo wa yaronka a baya, ko injin ya cinye masa yatsa, akwai inda za a dosa. In ya cika shekara 60 yana da zubin wata 180, zai karɓi fansho, ba zai zauna a ƙofar masallaci yana jiran abin da za a miƙo masa ba. Tun farkon 2024 kuma an faɗaɗa inshorar lafiya ta AMU zuwa ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. A ganina wannan rajista ita ce ta gaji jarin da iyayenmu ke yanka wa yaro. Wanda ba zai iya aurar da yaronsa ya buɗe masa shago ba, to aƙalla ya sa sunansa a CNSS.

Na san abin da wasu ke faɗi yanzu a gaban rediyo. "Malam, kai ba ka san kasuwa ba. Haraji ya yi yawa, kuɗin fito ya yi yawa, ciniki ya ja baya." Gaskiya ne, ban musa ba. Waɗanda gobarar babbar kasuwar Adawlato ta Janairun 2013 ta cinye wa dukiya, wasunsu har yau ba su koma yadda suke ba. Akwai mai shagon da shi kansa bai fitar da jaka hamsin riba a wata. Irin wannan ba na ce ya yi abin da ya fi ƙarfinsa ba. Amma ya zaunar da yaronsa ya gaya masa gaskiya: ga abin da ke shigowa, ga abin da zan iya, ga ranar da zan ba ka, kuma in ka samu inda ya fi, na yafe maka ka tafi. Ma'aikaci na iya jure ƙaramin albashi in ya ga gaskiya. Abin da ke cin ransa shi ne a ce masa babu, gobe ya ga an sauke sabuwar mota a ƙofar gida.

Wasu kuma za su ce yaran yanzu ba amana. Akwai marasa amana, ba shakka, kuma zan zo kansu. Amma maigida, in yaro biyar sun bar ka a shekara guda, kowanne ka ce ɓarawo ne, to ka tsaya ka tambayi kanka me ya sa masu amana ba sa zuwa wurinka. Suna nan a gari. Sun dai ji labari, sun tafi wani wuri. Wanda ya rage maka shi ne wanda ba shi da zaɓi, ko wanda ya shigo da niyyar ya ɗebi rabonsa da hannunsa tunda ya san ba za a ba shi ba.

Wannan asara tana da lissafi, kuma wani ya taɓa yin lissafin. A 1913 kamfanin motoci na Henry Ford a Amurka ya ɗauki mutum sama da 50,000 a shekara guda don ya cike gurabe kusan 14,000, saboda mutane na shiga suna fita, aikin ya yi tsanani. Kowane sabo sai an koya masa, kafin ya iya ya ɓata kaya, yana iyawa kuma ya tafi. A Janairun 1914 Ford ya sanar da dalar Amurka 5 a rana, kusan ninki biyu na abin da ake biya a da, ya rage awannin aiki daga tara zuwa takwas. Dubban mutane suka yi cincirindo a ƙofar masana'antar, masu tafiya suka ragu ƙwarai. Ford ba waliyyi ba ne, har masu bincike ya riƙa aikawa gidajen ma'aikata su duba yadda suke zaune, abin da ba zan ba kowa shawara ya kwaikwaya ba. Riba ya duba, ya ga cewa canja ma'aikaci kullum ya fi biyansa da kyau tsada. Kai ma duba naka. Yaron da ya shekara biyar a shagon kayan gyaran mota a Akodesewa ya san kowane ƙarfe da lambarsa, ya san makanikin da ke biyan bashi da wanda ba ya biya, yana jin Ewe da Faransanci da Hausa, wataƙila har da Kotokoli. Ranar da ya tafi, da duk wannan zai tafi, kuma wasu masu cinikin za su bi shi.

Ku dubi direbobi, a nan abin ya fi fitowa fili. Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, kaya masu yawa na Nijar ta tashar Lome suke bi. Mota ta tashi daga nan, ta kama babbar hanya har Sinkase, ta shiga Burkina, ta bi ta Kaya da Dori cikin ayari da rakiyar soja kafin ta ga Yamai. Kowa ya san abin da ke kan wannan hanya. Direban da zai ɗauki motarka ya bi ta, da ransa yake ciniki. Kuna tsammani bai tambaya ba? A Terminal du Sahel, inda motoci ke taruwa, direbobi sun san mai motar da ke ba da kuɗin hanya cikakke, da wanda ke sa a tashi da tsofaffin tayoyi, da wanda in mota ta kwana arba'in a layi ba ya aika wa iyalin direba ko mudun masara. Sun kuma san wanda direbansa ya rasu a hanya ya ci gaba da riƙe marayun. Irin wannan mai mota ba ya neman direba, direbobi ke nemansa, kuma ƙwararru yake samu. Shaidar duniya, in ji Hausawa, ita ce ta lahira.

Kada kuma mu manta cewa ba mu kaɗai ke neman hannu a garin nan ba. Lome ce hedikwatar Ecobank da bankin BOAD da kamfanin jiragen sama na Asky. Tashar kwantena ta LCT ta fara aiki a 2014, an buɗe yankin masana'antu na Adetikope a 2021. 'Ya'yanmu da suka yi karatu suna duban waɗannan wurare. Wanda bai yi karatu ba ma yana da mafita: ya samu babur ya shiga zemijan, abin da ya samu a yini nasa ne, ba mai yi masa tsawa. Shagonka da waɗannan duka yake takara. Ga waya kuma. A da in ka wulaƙanta yaro, unguwa ce za ta ji. Yau saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya isa Kumasi da Kwatano da Maraɗi kafin ka gama alwala.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. Tun da aka kafa yankin masana'antu mai rangwamen haraji a 1989, dubban 'yan ƙasa sun samu aiki a cikinsa, amma ƙorafin ma'aikata a kan tsawon awanni da rashin kayan kariya da aikin wucin gadi da ba ya ƙarewa bai yanke ba. Ranar 30 ga Yuni 2015 wani tanki ya fashe a masana'antar siminti ta WACEM a Tabligbo, mutum shida suka rasu. Allah ya ba iyalansu haƙuri. Shekaru sun wuce, amma in aka ambaci aiki a wurin, wannan rana na cikin abin da ke fara zuwa zuciyar mutane. Babu tallan da ke goge irin wannan. Kai mai ƙaramin gareji ko wurin walda, darasin naka ne ma: tabaran walda da safar hannu da takalmin aiki ba su kai kuɗin jinyar ido ɗaya ba.

Iyayena mata, ban manta da ku ba. Hajiya mai atamfa, Hajiya mai tuwo da waina, uwar ɗakin da ke da 'yan mata masu taya ta aiki. Yarinyar nan da aka kawo miki daga ƙauye, ta riga kowa tashi, ta bi bayan kowa kwanciya. Iyayenta sun ba ki ita ne saboda sunanki. In ta koma da kayan ɗaki da sana'a a hannu, gobe ƙauyen gaba ɗaya zai so ya ba ki 'ya. In ta koma da tabon bulala da hannu wofi, ƙauyen zai sani, kuma Allah ya riga kowa sani. In ba ta kai shekarun aiki ba, wurinta makaranta. Kuɗinta kuma a hannunta ko a asusunta ya kamata ya zauna, kada a ce ana ajiye mata har ranar da za a ce ta fasa kwano an cire.

Inda aka fi zubar da mutunci shi ne wajen rabuwa. Mutum ya yi maka shekara takwas, ya zo da ladabi ya ce ya samu wani wuri ko yana so ya gwada nasa. Nan take fuska ta canja. A fara bincike, a tono tsohon lissafi, a ce akwai giɓi, wani lokaci har a kai shi ga 'yan sanda don dai kada ya buɗe shago kusa ya ja masu ciniki. Wallahi wannan zalunci ne, kuma sauran yaran suna kallo. Abin da suka koya a ranar shi ne, duk wanda zai tafi kada ya yi sallama, ya shirya a ɓoye, ya kwashi abin da zai iya. Da hannunka ka koya musu. Alhali in ka biya shi haƙƙinsa, ka ba shi takardar shaidar aiki wadda doka ta wajabta, ka ce Allah ya sa albarka, ka samu wakili a duk inda ya je. Zai aiko maka masu saye, zai sari kaya a wurinka, in ƙaninsa ya tasa kai zai kawo wa. In kuwa da gaske an ci amanarka, akwai sufetocin ƙwadago, akwai kotu, akwai sarkin Zongo da limamai da ke sulhu. A bi ta nan da hujja, kada a ɓata sunan ɗan mutane da zato.

Ku kuma 'yan'uwana ma'aikata da yaran shago, kuna da naku. Yadda kuke zaman tantance masu gida, haka su ma suke zaman tantance ku. Wanda ke zuwa a makare, wanda ke ƙara farashi a ɓoye ya soke bambancin, wanda idonsa ke kan waya mai saye na tsaye, shi ma sunansa na yawo. In maigida ya kyautata maka, ka faɗa a majalisa kamar yadda za ka faɗa in ya cuce ka. Kuma kada ka ƙara gishiri a kan abin da bai faru ba, domin hakkin maigida ma hakki ne. Ranar da za ka fara aiki, ka tambayi albashinka da ranar biya da lokacin tashi, cikin ladabi, a gaban shaida, in da hali a rubuce. Kunyar minti biyar ta fi rigimar shekara biyar sauƙi.

Alhaji, Hajiya, in kuna so ku ji sunan nan naku na biyu, akwai hanya. Kada ku tambayi yaron da ke ƙarƙashinku yanzu, zai ce komai lafiya, don yana tsoron bakin abincinsa. Ku nemi wanda ya bar ku shekara biyu da suka wuce, ku kira shi, ku ba shi wurin zama, ku ce ya faɗi gaskiya ba za ku yi fushi ba. Sannan ku yi shiru ku saurara har ya gama. Zai yi ɗaci, amma za ku ji abin da duk unguwa ta daɗe da sani.

Roƙona kafin ƙarshen watan nan: ku sa ranar biya guda ɗaya ku sanar da ita, ku riƙe ta ko da bashi za ku ci. Ku sayi littafi ku rubuta abin da kowa ya karɓa, ya sa hannu, ko ku tura ta waya don shaida ta zauna. Wanda ke da ma'aikatan da suka daɗe, ya tashi ya je ofishin CNSS ya tambayi yadda ake rajista. Wanda kuma ya san akwai tsohon yaronsa da ya tafi da haƙƙinsa a hannunsa, ya neme shi ya biya shi tun suna raye su biyun.

Lokacinmu ya cika. Allah ya sa wa kasuwa albarka, ya tsare direbobinmu a hanya.